Ruwan Gaɓar Baba Iliya

Laraba da dare, Funtua

Kaina kamar zai tsage. Tun da kifi ya fara mutuwa a bakin dam na raba wa masunta kwalabe, kowa ya ɗebo ruwan gaɓarsa a kai Zariya gwaji. Na Baba Iliya ya iso yau, garau kamar na rijiya. Alhali a gaɓarsa manoma ke wanke tankin feshi, nan kuma mata ke ɗiban na sha.

Na kira shi. Wai, "Haba Hajiya, ruwan da za a kai wa manya? Sai da na tuƙa kwalekwale har tsakiya na samo mai kyau."

Ko faɗan ma na kasa. Mota ta tafi babu nasa, sai wani mako. Gobe da sassafe matan nan za su koma da bokitansu.