A Ba Yaron Gidan

Rogo, Litinin

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin gyaɗa, ya gajiya? Ina gaida Baba da mutanen Falgore baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, 'yar taka ma ta warke daga murar, har ta koma Islamiyya. Da ba ka jefa wayarka a rijiya ba da ban wahalar da hannuna ba, ga shi sai na ba Ilu mai babur takarda ya kawo maka.

Maganar babbar rigar nan ce, farar shadda mai aska takwas, wadda ka ci wata huɗu kana yi wa aiki har idonka ya fara yaji. Ka san na sa hotonta a shafinmu. To jiya wata ta yi min magana ta WhatsApp, da lambar da ba ta ƙasar nan ba. Ba ta rubutu, sai saƙon murya, muryar babbar mace. Na faɗi kuɗi, ta ce ta saya, ko tayi babu. Tun daga nan jikina ya ba ni, don ban taɓa ganin Bahaushiyar da za ta sayi ko allura ba ta nemi ragi ba.

Kuɗin sun shigo, amma da sunan wani Shitu. Sai adireshi, bari in kwafe maka shi yadda ta faɗa: Daura ta Ƙaraye, ba ta Katsina ba, a wuce masallaci, gidan da ke bayan tsamiya biyu, a ba yaron gidan. Shi ke nan fa. Na ce wane yaro, ta ce ai yaron nan dai. Na ce sunansa, ta yi 'yar dariya ta ce in an je za a gane. Lambar wayarsa ba ta da ita. Ta ƙara da cewa kada a faɗi wanda ya aiko, kuma lallai rigar ta isa kafin Juma'a.

Ni dai na ga alamar lauje cikin naɗi. Rigar tana cikin akwati na kulle, ba inda za ta sai na ji daga gare ka. Ka aiko da amsa ta bakin Ilu, kuma ka riƙa sa hula a rana.

Taka,
Sadiƙa

Rogo, Laraba

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya, ya jikin Baba da ciwon ƙafar? 'Yar taka tana gaishe ka, wai ka taho mata da ɗanyar gyaɗa. Ilu ya isar da saƙonka cewa kada riga ta fita, kuma dama abin da ke raina ke nan.

Na je wajen ƙawata Ummu Habiba mai sayar da atamfa, na kwashe labari na gaya mata. Ta riƙe baki ta ce irin abin da ya same ta bara ke nan. Da kuɗin da aka sato daga asusun wani aka biya ta, aka ce ta ba mai jar hula a bakin tasha. Kaya suka tafi, mai kuɗi ya kai ƙara, banki ya rufe mata asusu wata biyu, ta yi ta zarya wajen 'yan sanda. In haka ta faru da mu, ba riga ba kuɗi, wahalarka ta wata huɗu ta tafi a banza.

Na dawo na ɗana wa matar tarko. Na ce mu yi kiran bidiyo in ga fuskarta, ta ce a gidan mutane take aiki, ba a bari. Na ce yaron Sulle ne sunansa, ta ce a'a. Sabi'u ne, a'a. Ta san wanda ba shi ba, amma bakinta ya ƙi faɗin wanda shi ne. Sai kuma ta tambaye ni wai ko rigar za ta yi wa dogon mutum, don ubansa dogo ne. Ka ji min mace. Wace irin mai saye ce ba ta san tsawon wanda take saya wa riga ba?

Nan fa raina ya ɓaci, ka san halina. Na ce mata mu ba yara ba ne, in damfara ce ta nemi wasu, nan an sha mu mun warke. Da amsarta ta zo, muryarta na rawa, abin da ta ce kawai Allah ya huci zuciyata, ta kira ni 'yarta. Ummu Habiba ta ce kada in kula, kuka ma koyonsa ake yi.

Amma gani ya kori ji. In ka yarda, gobe zan shiga motar Ƙaraye in je Daurar da ƙafata, rigar tana ƙasan jaka ba mai ganinta. In na tarar da ɗan iska yana jira a gindin tsamiya, in juyo da kayana in mayar musu da kuɗinsu. In ban ji daga Ilu ba zuwa safe, na ɗauka ka amince.

Taka,
Sadiƙa

Rogo, Asabar

Zuwa ga Maigida,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, Allah ya sa albarka a abin da aka tono. Na je na dawo lafiya. Rigar ta fita, kuma kafin ka yi faɗa ka karanta zuwa ƙarshe.

Da na wuce masallacin, tsamiya ɗaya na gani. Na ce a raina yawwa, ƙarya ta fara fitowa. Sai da na matsa na ga kututturen ta biyun, ya bushe har awaki na kwana a kai. Na yi sallama a gidan, na tarar da mata ana ta daka da gyaran shinkafa, ashe ɗaurin aure ake shiri washegari. Wata tsohuwa mai suna Laure ta tarbe ni. Da na ce yaron gidan nake nema ta yi dariya, ta ce yaron gidan ai shi ne angon, har da gemunsa.

Aka kira shi. Mujahid sunansa, dogo, sai da ya sunkuya ya shigo zaure. Ban fito da rigar ba tukuna, na ce saƙo ne aka ce in kawo. Ya tambayi wanda ya aiko, na ce an hana ni faɗa, kuma ni ma ban sani ba. Ya ce to wane suna aka ba ni na mai karɓa. Na ce babu, na yi juyin duniya mai saƙon ta ƙi faɗa, yaron gidan kawai take cewa. Maigida, sai ƙaton mutumin nan ya zauna a ƙasa. Ya ce duk duniya mutum ɗaya ce ba ta iya kama sunansa.

Laure, wadda goggonsa ce, ita ta warware min sauran. Shi ne ɗan farin matar da ta sayi rigar, Turai sunanta, kunyar ɗan fari ce ta hana ta kama sunansa. Yana shekara biyar ubansa ya rasu, ta tafi Saudiyya aikatau, yau shekara ashirin rashin takarda ya hana ta dawowa. Ba ta san tsamiyar ta faɗi ba. Shitu kuwa shi ke canza wa masu aikatau a can kuɗi ya turo gida.

Ya sa rigar a gabana, ta zauna masa kamar ka gwada shi. Na ɗauki hoto na tura mata, na roƙe ta gafara kan baƙar maganar da na yi mata. Ta ce ba komai, ashe ya kamo ubansa. Ta faɗa sau uku, kuma ko a nan ba ta kama sunan ba.

Kunya ta ishe ni a mota. Ka ɗauko takardun nan biyu da na aiko maka ka duba, ko akwai inda na rubuta sunan 'yar taka, 'yar farin nan tamu. Sannan ka juya bayan ambulan ɗin. Abin da na rubuta wa Ilu shi ne: Falgore, gonar gyaɗa, a ba Maigida.

Ka gaida Baba. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Sadiƙa