Baban Amira Ya Ƙaurace Wa Ƙwallo

Lahadi, 8 ga Satumba, 2024

Baban Amira ya dawo daga filin ƙwallo ƙarfe biyu na rana. Shekara shida muna zaune a Panyu, nan ƙasar Sin, ban taɓa ganinsa a gida ran Lahadi kafin magariba ba. Na ɗauka zazzaɓi ne. Ashe fushi ne.

Abin da na fahimta bayan ya sha ruwa kofi biyu: ƙungiyarsu ta 'yan kasuwa, Zumunta, tana cikin wata 'yar gasa ta unguwa, ita da ta direbobin tasi da ta ma'aikatan masana'antar fitilu da ire-irensu. To bana masu shirya gasar sun cire ƙungiyar masu dafa taliya, Musulmin nan 'yan ƙasa da muke cin abinci a shagonsu, sun sako yaran wani babban kulob, 'yan ƙasa da shekara sha bakwai, wai don yaran su goge. Ya ce, "Maman Amira, a jikinmu za su goge? Mu tsumma ne?" Magoya bayan Zumunta sun yi taro a gindin bishiya, sun yanke ba wanda zai sake taka filin sai an fitar da yaran. Shi aka naɗa shugaban ƙauracewa.

Na ce su nawa ne magoya bayan? Ya ce sha ɗaya. Na shiga kicin na yi dariyata a can.

Shi fa ba ya bugawa, gwiwa ta hana shi tuntuni. Aikinsa ihu.

Lahadi, 15 ga Satumba

Ban san Lahadi tawa ce ba sai yau da aka ƙwace ta.

Ranar ce nake baje samfurin jakunkunan da na ɗauko daga kasuwar Shiling a tsakar falo, in kira Hajiya Mero ta kasuwar Sabon Gari ta bidiyo, ta zaɓa a tsanake. Yau ina ɗaga wata ruwan ƙasa sai ga kansa a cikin waya: "Hajiya ina kwana? Wannan ba ta yi ba, ɗauki ja." Hajiya ta ɗauki ja. Ja guda ɗaya ce tak, kuma tun watan jiya masana'antar ta ce meyo, wato babu, sun daina yin ta.

Ya jera min kwalaben kayan ƙamshi daga doguwa zuwa gajeriya. Ya tambaye ni me mutum biyu suke yi da ludayi huɗu, tunda Amira ba ta tare da mu. Ya gyara fankar da ba abin da ya same ta, yanzu tana kuka.

Laraba, 18 ga Satumba

Balkissa ta hawa na tara ta sauko da rana, ido jajur. Mijinta Isufu, mutumin Maraɗi, shi ne golan Zumunta, kuma shi da Baban Amira tare suka fara zuwa garin nan sayen kaya tun kafin a aure mu. Yanzu ba sa magana. 'Yan wasan sun ce ba za su iya daina buga wasa ba, in suka ƙi fitowa sau biyu za a kore su daga gasar, filin ma a ba wasu. Baban Amira ya ce wannan cin amana ne. A lif suka haɗu jiya, har suka rabu kowa yana kallon takalminsa.

Ta ce ran Lahadi direbobin tasi sun ci su uku, ba mutum ɗaya a benci da zai ce wa Isufu sannu. "Hirdausi, mi ya yi musu? Shi ya kawo yaran?"

Ban yi dariya ba wannan karon.

Asabar, 21 ga Satumba

Kwamitin ƙauracewa ya rubuta allon zanga-zanga da Sinanci. Waya ce ta fassara musu. Baban Amira ya sauka da shi ƙasa ya jingine a bakin ƙofa don ya sha iska, tawadar ta bushe. Tsohuwar da ke gadin gininmu ta karanta, ta dube shi, ta dube ni, ta kama hannuna tana shafawa. Da ɗan Sinancina na kasuwa na tambaye ta me aka rubuta. Wai, "Mu tsofaffi ne, ba ma son haihuwa."

Allon yana bayan firij.

Lahadi, 22 ga Satumba

Tunda ba sa zuwa fili, falona ya zama fili. Mutum sha ɗaya. Na dafa shinkafa da miya ta kwana uku, ba ta kai la'asar ba. Saifullahi mai sayar da riguna a kasuwar Shisanhang yana ta leƙa waya a ƙarƙashin tebur, wai saƙon kwastoma. Da aka ci Zumunta na biyu na ji kwastoman ya sa shi salati.

Alhamis, 26 ga Satumba

Na gaji. Ran Lahadin nan Zumunta za ta haɗu da yaran da kansu. Na ce wa Balkissa ta shirya, za mu je. In ya ji matarsa ta je, ko dai kunya ta mayar da shi fili, ko fushi ya fitar da shi daga gidan. Duka biyun sun yi min.

Lahadi, 29 ga Satumba

Na ce masa za mu duba wata mai jego. Allah Ya yafe min.

Tasha uku a jirgin ƙasa, sai tafiyar minti goma a ƙafa. Ni da nake jin "fili, fili" shekara shida, na ɗauka wani katafaren wuri ne. Ashe ɗan fili ne tsakanin wata masana'anta da gadar masu tafiya a ƙasa, bencin siminti layi uku.

Yaran suka iso a doguwar mota mai sanyi, da likitansu, da mai riƙe musu ruwa, kowa da jaka iri ɗaya. Na matsa na duba ɗinkin, jaka ce ta kirki, zif ɗin ma ba na banza ba ne. Namu kuwa suka zo a kan babur mai caji, bibbiyu. Riguna kore ne dai, amma koren kala uku. Mahamadou, ɗan wasan gaban Zumunta, sai da Isufu ya taya shi jawo rigar ta rufe tumbi.

Ban san dokar wasan ba, Balkissa ce take min bayani, ita ma rabi Faransanci. Amma ba sai an yi wa mutum bayanin ci huɗu cikin minti ashirin ba. Yaran kamar an murɗa musu makulli. Ba sa ko murna in sun ci. Su juya kawai su koma tsakiya.

Ba cin ne ya ɓata min rai ba. Kocinsu ne. Ko kallon wasan ba ya yi, yana ta latsa wani allo a hannunsa. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya kwashe yaran nan kaf ya zuba sababbi, kamar mai canja ruwan wanki. Isufu yana zaune a ƙasa yana haki, gwiwar hannunsa na jini, mutum mai shekara arba'in da huɗu da ya baro shagonsa, ya yi ta faɗuwa a gaban ƙwallo. Ba wanda ya dube shi a cikinsu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tuna dai ina cewa, "Isufu tare! Tare, ɗan albarka!" Iyayen yaran suna ta juyowa suna kallona. Balkissa tana jan mayafina, can ita ma ta miƙe.

Ana saura kaɗan a tashi, tara da babu, aka bugo kwana. Mahamadou ya yi tsalle zai sa kai, bai bar ƙasa ba, ƙwallon ta bugi tumbinsa ta faɗa raga. Wallahi ban taɓa ihu irin wannan ba, ko ranar haihuwar Amira. Takalmina ɗaya sai a layin ƙasa aka tsinto shi.

Ina cikin ihun na ji wani ihun yana amsa min daga sama. Na ɗaga kai. A kan gada, mutum goma, kowa da takunkumi a fuska kamar ba zan gane tumbinsu ba. Kwamitin ƙauracewa. Saifullahi ya sauko yana sosa ƙeya: "Hajiya, fili muka ƙaurace wa, ba gada ba. Don Allah kar maigidanki Alhaji Ƙasimu ya ji."

Na ƙirga su sau biyu. Goma. Shi kaɗai ne ba ya nan.

Da na dawo na tarar ya dafa min taliya, ta yi gishiri. Na cinye.

Litinin, 30 ga Satumba

Muryata ta tafi. Da safe na buɗe baki zan gaishe shi, sai wani abu kamar kukan agwagwa ya fito. Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Mai jegon nan fenariti aka ba ta?"

Na sunkuyar da kai, ina jiran faɗa. Ya tafi kicin ya haɗo min ruwan zafi da zuma da citta. Ya zauna a gefena, ya ce a hankali, "An ce Mahamadou ya ci."

Na gyaɗa kai.

"Da me?"

Na nuna cikina. Ya yi dariya har da hawaye, ya sa na kwatanta masa sau huɗu da hannu, da matashin kujera a matsayin ƙwallo. Sai ya tambaya ko Isufu ya ji ciwo. Sannan ya ce, "Amma fili fayau yake ko? Ba ko ɗaya daga cikinmu?"

Na raɗa masa cewa a cikin fili ban ga ko ɗaya ba. Ba ƙarya na yi ba. Ya gyara zama, ya ce, "Kin gani? Maza kenan."

Na mayar da idona cikin kofin.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Hutun ƙasa, kasuwanni a rufe, gasar ma an tsaya. Ba shi da abin da zai ƙaurace wa. Ya koma kan fankar.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na je wurin mai shirya gasar ni kaɗai. Mista Liyang, yana da shagon kayan wasanni kusa da tasha. Na shirya masa jawabi tun a hanya, irin wanda nake yi wa masu masana'anta in sun canja min fata.

Na ce, lawban, wato oga, na zo kan maganar yaran nan. Ya ce ai sun tafi. Tun makon jiya kulob ɗin ya janye su. Kocin ya ce ba abin da suke koya a gasar, kuma wani mai tumbi ya faɗa kan yaro ɗaya har yanzu ana gasa masa kafaɗa.

Na ce, to ƙauracewar magoya bayanmu fa, ba ta sa ku tunani ba? Ya ajiye shayinsa. Ya ce, "Kuna da magoya baya?"

Wata guda. Shinkafata. Fankata. Mutumin bai ma sani ba.

Na ja kujera na zauna, tunda ciniki ne ya rage. Na ce zan haɗa shi da masana'antar da za ta yi wa gasar jakunkunan ƙwallo a farashin da nake saya. Shi kuma abu biyu: masu taliya su dawo gurbinsu, sannan ya tura wa Baban Amira saƙo cewa sun saurari koken magoya baya. Ya ce na farko mai sauƙi ne, dama yana neman wanda zai cike gurbin. Na biyun ne bai gane amfaninsa ba. Na ce ba sai ya gane ba. Na tsaya a kansa har ya tura.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Baban Amira ya dawo daga masallaci da Isufu, hannu cikin hannu, suna magana a lokaci ɗaya. Ya karanta min saƙon sau uku. Ya ce, "Ke da kike dariya a kicin, kin ɗauka ban ji ba? Mutum sha ɗaya mun girgiza babban kulob." Saifullahi yana bayansa yana roƙona da ido.

Na ce Allah Ya ƙara nasara. Wannan shafin kuwa ko Amira ba za ta karanta shi ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ya fita tun sha biyu da sabuwar hula. Gida tsit, kamar yadda nake so. Na share, na yi wanka, na kwanta. Na tashi. Na duba agogo. Na sake kwanciya.

Ruwan sanyinsa ya manta a firij, shi ya sa na bi shi da shi. Ba wani abu ba. Da niyyar in miƙa in juyo na je, sai dai an riga an fara, kuma ba daɗi mutum ya ratsa gaban jama'a.

Masu taliya sun ci mu biyu da ɗaya. Bayan an tashi suka rungume Baban Amira ɗaya bayan ɗaya, suna shiye-shiye, godiyarsu kenan, suka ce duk ranar da ya zo shago ƙarin nama kyauta ne. Ya yi ta ƙifta ido wai ƙura ce.

Ni dai ba ruwana da ƙwallo. Amma na biyun nan satar gida ce ƙiri-ƙiri, mutumin ya fi taku uku a bayan 'yan bayanmu, kuma alƙalin yana tsaye a wurin. Na gaya masa da Hausa, na gaya masa da Sinanci. Ya ce in na sake shiga cikin fili zai dakatar da ni wasa biyu.

Sati mai zuwa da 'yan masana'antar fitilu ne. An ce golansu ba ya gani ta hagu.