Ni ne Baturen kuza

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya iyali, ya tumbin naka? Mu nan gida Dutse Uku lafiya.

Malamar su ƙanwarmu Zainab ta sa ni a wasan kwaikwayon ɗalibai kan aikin tilas na haƙar kuza. Ni ne Bature, tunda na iya shaƙiyanci. Na shafa farar ƙasa, na ɗaga bulala, amma ba wanda ya yi dariya.

Kaka tana layin gaba. Ashe haka aka tafi da babanta, bai dawo ba.

Kwana shida ba ta ce min "mijina" ba. Jiya na ɓoye mata goro, ko nema ba ta yi ba. Na mayar.

Don Allah ka kira ta, ka sa mu a addu'a. Gaida su Anti.

Ƙaninka,
Bala