Ciyaman Kaɗai Ke Yi Mini Maraba a Gidana

Anti mai filin shawara, don Allah ki taimake ni kafin ƙarshen makon nan. Abin da na jawo da hannuna yana neman ya fi ƙarfina, kuma ba magana ba ce da zan kai wa abokaina. In na kai musu, shekara za su yi suna mini dariya.

Ni mai gyaran firiji ne. Ina zaune da matata da 'yarmu guda ɗaya a saman wani bene, ɗaki biyu da falo. Yarinyar ta kai shekara goma sha shida. Bara ta dage sai an saya mata ɓeran Masar, irin gajerun dabbobin nan marasa wutsiya da ake ajiyewa a keji. Ni tun farko na ƙi. Na ce mutane suna wahalar korar ɓera daga gidajensu, mu kuma za mu je mu ɗauko shi da hannunmu. Ba wanda ya yi dariya. Aka sayo har biyu, wai ɗaya ba ya zama shi kaɗai. Ta sa wa babban suna Ciyaman, ƙaramin kuma Sakatare. Kejinsu yana falo, dab da ƙofar shigowa, ƙarƙashin ƙusar da muke rataye makullai.

Kafin in ci gaba, bari ki ji yadda nake shiga gidana. Zan buɗe ƙofa in yi sallama. Matata malamar makaranta ce, ko dai tana kicin ko tana kan tebur da tulin littattafan yara, sai in ji wani sauti ya fito daga wajenta mai kama da amsa. 'Yata tana kan kujera da abin kunne a kunnenta, wani lokaci ta ɗaga yatsa ɗaya. Ba faɗa muke yi ba, ki fahimce ni. Abinci yana nan a rufe, kayana a wanke, ba abin da zan ce an rage ni da shi. A wajen aiki ma haka ne. In na shiga gidan mutane ba wanda yake kallon fuskata, firijin kawai ake nuna mini. Akwai gidan da na yi shekaru ina musu gyara, ran nan muka haɗu da maigidan a hanya na gaishe shi, ya amsa yana laluben inda ya san ni. Ban riƙe jakar aiki ba a ranar.

To, wata rana yarinyar ta turo mini saƙo ta waya, muna gida ɗaya, cewa in biya shagon abincin dabbobi in sayo busasshiyar ciyawa. Mai shagon ya ɗora mini wata 'yar leda kyauta, busasshen karas ne da koren wake da aka matse ya yi fale-fale, da ɗan tattasai, ya ce na marmari ne, ana ba su jefi-jefi. Na cusa a aljihun rigar aiki kusa da sukundireba na manta. Da na shigo gida na miƙa hannu zan rataye makulli, ledar ta yi ƙara. Sai Ciyaman ya miƙe tsaye, ya dafa wayar keji da ƙafafunsa na gaba, ya dube ni, ya yi wani irin fito mai tsawo. Na waiga in ga ko da wani a bayana. Babu kowa, da ni yake. Na ba shi karas ɗaya.

Daga nan fa shi ke nan. Ba a daɗe ba ya gane takuna. Tun ina tsakiyar matakala nake jiyo shi, kafin in sa makulli ya cika falon da ihu. Kada ki ce kowa yake yi wa, na lura da kyau ranar da ba na aiki. Maƙwabcinmu ya hau, ko motsi bai yi ba. Matata ta hau da kaya niƙi-niƙi, bai ɗaga kai ba. Sakatare dai matsoraci ne, in na miƙa masa sai ya ruga ya ɓuya, Ciyaman ya karɓa a madadinsa.

Anti, ba zan ɓoye miki ba, daɗi nake ji. Gemuna ya fara furfura, amma wallahi in na ji wannan fiton sai in ji gajiyar yinin ta sauka. Na fara ƙin karɓar aikin yamma don in dawo da wuri. Mai shagon nan kuwa ya san ni, da ya hango ni zai sunkuya ya ciro ledar daga ƙarƙashin teburinsa ya ajiye mini, kamar mai sayar da sigari da tsohon kwastomansa. Akwai ranar da ina kwance a bayan firijin wata mata na sa hannu a aljihu zan ciro noti, na ciro karas. Tana tsaye a kaina. Na duba shi da kyau kamar kayan aiki ne, na mayar. Na taɓa ɗanɗanawa ma, don in san abin da nake ba shi. Kamar kwali ne mai ɗan zaƙi, ba laifi.

A gida ba wanda ya sani, domin a tsugune nake ba shi, ina yi kamar ina kwance igiyar takalmi. Sai Ciyaman ya fara ƙiba. Ya yi ɓulɓul har wuyansa ya ɓace. Akwai ɗan ɗakin katako a cikin kejin da suke shiga su kwanta, wata safiya ya maƙale a ƙofarsa, muka tashi muka tarar yana yawo da ɗakin a bayansa. 'Yata ta kai shi wajen likitan dabbobi. Likita ya ce ƙibar ta yi yawa, tafin ƙafafunsa ya fara yin ja yana neman zama gyambo, a daina ba shi duk wani busasshen kayan marmari, ciyawa kawai da ɗanyen ganye. Ashe ita ma tana da 'yar ledarta da take ba su kaɗan-kaɗan. A gabana ta juye ta a kwandon shara.

Ta ɗauki abin da gaske. Duk ƙarshen mako sai ta ɗauko sikelin kicin na uwarta ta ɗora shi a cikin roba ta auna. Nauyi ya ƙi sauka, sai ma hawa yake. Ran nan ta ce in riƙe mata robar. Na tsaya ƙiƙam ina numfashi a hankali don kada ledar ta yi ƙara, shi kuwa yana zaune a kan sikeli ya zuba wa aljihuna ido.

Kada ki ɗauka ban gwada dainawa ba. Na gwada. Ranar farko ya yi fitonsa, na sosa masa kai, ya shinshina yatsuna ya juya. Washegari fiton ya gajarce. Kafin mako ya zagayo, na shigo ya ɗago daga cikin ciyawa, ya dube ni, ya ci gaba da tauna. Irin kallon da ake yi mini a gidajen mutane. Na tsaya da makulli a hannu, falon tsit, raina ya ɓaci ƙwarai. Kashegari na koma shagon.

Yanzu ga inda aka kwana. Yarinyar ta fara zargin uwarta, ta ce ita ce take ba shi ɓawon kayan miya a ɓoye. Uwar ba ta amsa ba, ba ta musa ba, ta dai dube ni ta ci gaba da ninke kayan wanki. Kin ga irin halin ko-in-kula ɗin da nake faɗa miki. Suka yi kwanaki ba sa magana sosai. Daga baya yarinyar ta ɗora wa kanta laifin. Shekaranjiya na same ta zaune a ƙasa gaban keji tana kuka, ta ce ta bi duk abin da likita ya faɗa amma yana ƙara lalacewa, ke nan ita ce ba ta iya riƙo ba, kuma ba za ta zuba ido ya mutu a hannunta ba. Ta riga ta yi magana da wata ƙawarta da ta daɗe tana kiwonsu, za ta zo ta kwashe su duka biyun a ƙarshen makon nan. Na buɗe baki, na ce mata Allah ya ba shi lafiya.

Anti, shin akwai wani busasshen ganye da ba ya sa ƙiba, wanda zan canza zuwa gare shi a rufe maganar? Ko in bari a tafi da su kawai, ya rame a can, kowa ya huta? In na faɗa mata gaskiya, ina tsoron ko yatsan nan ɗaya da take ɗaga mini ta daina.

Mai gyaran firiji

*

Malam mai gyaran firiji,

Na karanta wasiƙarka na yi dariya, daga baya na daina. Bari in fara da tambayarka ta farko tunda ita ce mai sauƙi. Babu. Duk kayan marmarin da aka busar, ruwansa ne ya tafi, zaƙinsa yana nan a dunƙule, shi ya sa ɗan guntun da kake gani kamar ba komai ba yake da yawa ga dabbar da ba ta fi tafin hannunka biyu ba. Mai shago ya ce maka jefi-jefi, kai ka mayar da shi albashi. Maganar likita za ka bi, kuma daga yau, domin ciwon ƙafa ga irin waɗannan dabbobi ba abin wasa ba ne.

Ba zan yi maka faɗa a kan son a yi maka maraba ba. Mutum ya yini yana durƙuso a bayan firijin mutane, ya dawo gidansa, yana da haƙƙin a ɗago a dube shi, kuma iyalinka sun yi sakaci a nan. Amma ka duba ɗaya gefen. Kai ma da ka shigo, wa kake fara nufa? Ka yi sallama, ka tsuguna gaban keji ka ba su baya. Wata nawa matarka da 'yarka suka yi suna kallon ƙeyarka, kana kwance igiyar takalmin da ba ta ƙarewa?

Sannan maganar matarka. Malam, wa yake wanke rigar aikin nan? Wa yake zazzage aljihunta kafin ya jiƙa? Matar nan ta san da ledarka tun ba yau ba. 'Yarta ta ɗora mata laifi a gabanka, ta dube ka ta ba ka dama ka yi magana, ba ka yi ba, ta haɗiye ta yi kwanaki tana shan fushin da ba nata ba don kada ta kunyata ka. Kai kuma ka rubuto mini kana kiran wannan ko-in-kula. Da ita za ka fara. Ka gode mata, ka ba ta haƙuri, kuma ka faɗa mata abin da ka faɗa mini game da shigowarka gida, da bakinka, domin ba lallai ta san abin yana ci maka rai haka ba.

Barin a tafi da su shi ne mafi muni a cikin dabarunka. Ciyaman zai rame a can, gaskiya ne, kuma ramar tasa ce za ta tabbatar wa 'yarka cewa lallai ita ce ba ta iya ba. Yarinya ce da ta kai dabbarta asibiti, ta zubar da abin da aka ce ta zubar, ta riƙa awo ba fashi. Ta yi komai daidai. Kada ka bari ta girma da tunanin cewa abu yana lalacewa a hannunta ko da ta yi iya ƙoƙarinta.

Don haka kafin ƙawar nan ta zo, ka zauna da ita, ka ciro ledar ka ajiye a gabanta. Ka faɗa mata abin da ka yi, kuma ka faɗi dalilin, kada ka tsaya a kan cewa tausayin dabba ne ya ja ka. In ta huce, ka roƙe ta ta bar maka rabon ganyen yamma, ita ta auna ta ajiye, kai ka miƙa in ka dawo. Ciyaman ba ruwansa da ko busasshe ne ko ɗanye, duk hannun da yake kawo abinci shi yake yi wa fito. Ka dai gaisa da mutanen gidan tukuna, shi zai iya jira.

Za ta yi fushi, kada ka yi tsammanin wani abu daban. Za ta cire abin kunnen, ta dube ka ido cikin ido, ta faɗa maka maganganu masu zafi, wataƙila da kuka. Kada ka kare kanka, kada ka tashi ka bar wajen. Ka zauna ka ji har ƙarshe, domin ina jin ita ce magana mafi tsawo da za ta yi maka a bana, kuma daga ita sauran za su biyo.

Allah ya ba Ciyaman lafiya, ya sanyaya zuciyar yarinyar, ya saka wa uwarta da alheri, kai kuma ya ba ka ƙarfin buɗe baki.

Anti