Takardar Gidan Hajiya Tana Hannuna

Barkanku da war haka jama'ar wannan zaure. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai kaina ya tsaya.

Ni mace ce, malamar firamare, ina haya a ɗaki ciki da falo a Gonin Gora. Marigayi Babanmu a masaƙa ya yi aiki a Kakuri, can ya haɗu da wani abokinsa Musulmi, zan kira shi Alhaji. Mu Kirista ne, amma a Unguwar Mu'azu Baba ya gina gida, shi kuma Alhaji nasa yana Kakuri. Da aka yi rikici kowa ya fara komawa inda nasa suke da yawa, sai suka yi abin da mutane da yawa suka yi a lokacin, musayar gida. Mu muka koma gidan Alhaji a Kakuri, su suka shiga namu. Ba lauya, ba rubutu, hannu kawai suka yi a gaban mai unguwa. Takardun ma ba su yi musayarsu ba, kowa ya riƙe nasa, wai in gari ya lafa kowa zai koma gidansa. Har su biyun suka rasu ba wanda ya koma, mai unguwar ma ya bi su.

Ashe babban ɗan Alhaji ya ɗauki takardar gidan Kakuri ya sayar wa wani. Mai sayen ya kai ƙara kotu, aka kawo sammaci, Mama ba ta karatu, ta ninke shi ta sa cikin Littafi Mai Tsarki tana jiran in zo. Da na zo ta manta. Aka yanke hukunci ba mu nan. Ina aji aka kira ni, na tarar ma'aikatan kotu sun fito da kayanta waje, tana zaune kan buhun masara riƙe da hoton Baba. Ban yi kuka ba, har yau ban yi ba. Na kira masu keke muka kwashe kaya. Yanzu Mama a falona take kwana, ba ta faɗa, ba ta tambaya, abinci ma sai na tsaya a kanta.

Na kira ɗan Alhajin, ya ce shi bai san wata musaya ba, gadon ubansa ya sayar, ya kashe waya. Na je wajen lauya. Barista ta ce hanya biyu ce. Ko mu roƙi kotu ta jingine hukuncin, mu tabbatar an yi musaya gidan Kakuri namu ne, amma ba takarda, shaidu sun mutu, zai iya cin shekaru kuma mu faɗi. Ko kuma mu bi takardar da ke hannunmu, tunda gidan Unguwar Mu'azu har yanzu sunan Baba ne a kai, mu ba na ciki notis su tashi, in sun ƙi mu nemi kotu ta mayar mana da shi. Ta ce wannan ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba za mu ce an yi musaya a wata kotu mu ce ba a yi ba a wata, sai mu zaɓi ɗaya.

To wa ke cikin gidan? Hajiya, matar Alhaji, tsohuwa, idonta ya kusa tafiya. Ita ce ta ɓoye mu kwana uku lokacin rikicin, a ɗakinta na gidan iyayenta da ke Unguwar Mu'azu inda ta gudo, ta ɗaura min ɗankwalinta ta ce wa masu tambaya ni 'yarta ce. Ƙannena sun ce wannan tsohon labari ne, ɗanta bai tuna ba, mu me zai sa mu tuna? Mama kuwa da na tambaye ta, ta ce in yi abin da na ga dama, ta juya bango.

Ranar Asabar na sa notis ɗin da Barista ta rubuta min a jaka na tafi wajen Hajiya. Ina yin sallama Hajiya ta gane muryata, ta kama hannuna tana shafawa, ta sa aka kawo min tuwo. Daga hirarta na gane ba ta san an sayar da gidan Kakuri ba. Da zan tafi ta ce, "'Yata, gwaibar nan da na shuka a tsakar gida tana yi kuwa? Ki ce wa mamarki ta aiko min ko biyu ne."

Mai sayen ya sare bishiyar tun makon farko. Na ce mata to, Hajiya, zan faɗa mata.

Ban ji tausayi ba, ban ji haushi ba, na dai hau keke na dawo da notis ɗin a jakata. Barista na jiran amsata ran Litinin. Jama'a, in miƙa notis ɗin uwata ta samu gida, a fitar da kayan Hajiya waje kamar yadda aka yi wa Mama? Ko in shiga shari'ar da wataƙila Mama ba za ta ga ƙarshenta ba? In ku ne, wace tsohuwar za ku bari a waje?