Furen da Ba a Kai wa 'Yar Wasa

Litinin, 7 ga Afrilu

Oriane ta kira da safe, ina cikin rumfar gilashi inda nake noman fure, hannuna duk ƙasa. Za a ba ta lambar girmamawa saboda dukan aikin da ta yi a fim, a bikin da za a yi a Nice ranar goma ga Mayu. Jikata! Shekararta arba'in da ɗaya. Na ce ai irin wannan lambar tsofaffi ake ba. Ta ce, "To shi ke nan, Kaka, na kamo ka."

Na yi ta zagaya kicin ban san abin da nake nema ba. Na gaya wa hoton Fernande, matata, da ta rasu shekara shida ke nan. Na gaya wa kare.

Kafin ta ajiye waya ta ce, "Wannan karon za ka zo. Tafiyar minti arba'in ce a mota." Na ce ba na jin ta sosai.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na ɗauko littafin da nake manna yankan jarida. Lambobi tara zuwa yanzu. Ta sabuwar 'yar wasa mafi fice. Ta mai taimaka wa jaruma. Ta babbar jaruma sau biyu, ta biyun a fim ɗin da ta fito a matsayin mai gadin kurkuku, wanda na kasa kallo har ƙarshe. Ɗaya a Italiya, ƙasar ubana. Ɗaya a Kanada. Biyu daga masu sharhin fim. Sai ta gwamnati da aka maƙala mata a ƙirji.

A ƙarƙashin kowace na rubuta rana da wuri da hannuna. Rubutun farko-farko kamar kaza ta bi ta kai. Ina da shekara hamsin da biyu na shiga ajin yamma na koyon karatu na Madam Giaume, ita kuwa Oriane tana da shida, a teburin nan ɗaya muke aikin gida. Ita ce ke duba nawa. Takan ce, "Kaka, ka sake juya wannan baƙin."

Tara, kuma ban je ko ɗaya ba. Wannan za ta zama ta goma.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Wasan ƙwallon ƙarfe a dandali. Honoré maƙwabcina ya riga ya ji labari, har ya gaya wa mai burodi da limamin coci.

Ya ce, "Sai a fito da kwat ɗin jana'iza a kakkaɓe."

Na ce ba zan je ba.

Ya ce, "Au, na manta. Ai kai ne ke raba lambobin daga kujerar kicin. In ka tashi daga kanta, fina-finan Faransa sun rushe."

Na ce ya jefa ƙwallonsa ya rufe mini baki. Ya jefa, ya ci mu. Tsohon banza.

Talata, 22 ga Afrilu

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda ban taɓa ba.

Shekara goma sha tara da suka wuce aka fara sa sunanta cikin masu takarar lamba. Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris da kwandon gora, a ciki furen kanumfari ɗari, jajaye, na zaɓe su ɗaya bayan ɗaya. Shi ubana ya noma a kan tudun nan, shi na noma, da shi aka biya mata makarantar wasan kwaikwayo. Me kuma zan kai?

Na shiga ɗakin da ake shirya ta, na buɗe kwandon. Matar da ke gyara mata riga ta yi ƙara kamar ta ga maciji. "A fitar da su! Wa ya shigo da wannan?" Wani mutum ya ja ni gefe ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa yaro. Wai a da, idan shekara ta ƙare, mai gidan wasa yakan aika wa 'yar wasan da zai ci gaba da ita furen wardi, wadda zai sallama kuma ya aika mata furen kanumfari. Tun daga nan ba a kai wa 'yar wasa shi. Kowa a sana'ar ya sani. Ni shekara hamsin ina noma shi, ba wanda ya taɓa gaya mini.

Ba ta ci ba a ranar. Da ta fito tana kuka ta ce, "Kaka, me ya sa ba ka tambaya ba?" Na bar kwandon a tashar jirgi. Bayan haka wata goma sha huɗu ba wanda ya kira ta aiki.

Ba mu sake tayar da maganar ba. Tun daga lokacin duk bikin da za a yi, gwiwata ke ciwo. Na zauna a gida, ta ci. Sau tara. Ni ba mai camfi ba ne, amma na iya ƙidaya.

Asabar, 26 ga Afrilu

Malaussena mai sayar da dashe ya kira, yana tambaya ko zan sa oda ta bana, ƙarshen Mayu yake rufewa. Na ce a'a. Rumfa ɗaya ta rage mini cikin bakwai, kuma bana zan tumɓuke ta. Ba mai saye, bayana ma ya gaji.

Jumma'a, 2 ga Mayu

Honoré ya zo shan gahawa, ya cinye mini biskit. Ya ce, "Kai, wawa, wannan lambar an riga an ba ta. Har an sassaƙa sunanta. Ko ka je da gonar gaba ɗaya a ka, ba mai ƙwace ta."

Ba lambar nake tsoro ba. Abin da zai biyo baya ne. Oriane na jiran amsa a kan wani babban fim, kuma ta taɓa ce mini idan mace ta wuce arba'in waya kan rage ƙara. Ƙanshin furen nan yana jikina, yana cikin farcena, ko na yi wanka sau uku. In na je aka hana ta fa?

Ban gaya wa Honoré haka ba. Zai kai wa mai burodi.

Laraba, 7 ga Mayu

Ta zo ba sanarwa, da tsohon wando da takalmin roba na kakarta. Ta same ni a rumfa. Na ce ta tsaya a waje. Ta shigo.

Ta ce, "Na aiko maka katin gayyata sau tara. Gwiwar nan taka tana duba kalanda ne?"

Na ce ta fi ni sanin dalili.

Ta ce, "Bara na sake kallon fim ɗin nan na farko. Kaka, ban iya ba. Ina ta zare ido ina ɗaga murya. Wadda ta ci ta fi ni nesa ba kusa ba. Da ni ce alƙali, ni ma ita zan ba."

Na ce, wata goma sha huɗun fa?

Ta ce, "Su ma sun kalli fim ɗin ai."

Na yi dariya ban shirya ba. Sai ta ce abin da ta faɗa mini a ranar ya fi faɗuwar damunta, shekara goma sha tara tana neman yadda za ta janye shi. Na ce yarinya ce a lokacin, ba komai. Ta ce da komai.

Ta sunkuya ta kama kara ɗaya, ta karya shi a gaɓa da babban yatsa, ƙas, yadda na koya mata tana ƙarama. Ba almakashi. Hannun bai manta ba. Ta ce, "Wannan bai buɗe sosai ba, ran Asabar zai yi daidai." Ta tafi da shi.

Na yi mata miyar wake da ganye, ta sha kwano biyu. Ban ce zan je ba. Ban ce ba zan je ba.

Jumma'a, 9 ga Mayu

Kwat ɗin ya yi mini yawa. Honoré ya ara mini laktaye, mai muni.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na je.

Jiya ban samu yin rubutu ba. Ƙarfe shida aka fara. An zaunar da mu a layi na biyu, ni da Honoré, wanda ya yi ta gaisawa da mutanen da bai sani ba. An nuna guntayen fina-finanta a jere, na ga fuskarta tana girma a gabana cikin minti goma. A wani wuri ta juya kai daidai yadda Fernande ke yi.

Sai ta fito cikin baƙar riga, da jan furen a ƙirji. Na ji wata mata a bayana ta ja numfashi ta ce wa mijinta, "Ka ga abin da ta maƙala?" Na nutse cikin kujera. Na ce a raina yanzu fitila za ta faɗo, ko ta yi tuntuɓe a matakala. Ta hau lafiya lau.

Ta gode wa mutane da yawa, ban riƙe sunayen ba. A ƙarshe ta taɓa furen ta ce, "Na san dokar sana'armu. Amma wannan ne ya biya mini makaranta, kuma wanda ya noma shi yana nan. Tare muka koyi karatu, ni na riga shi iyawa." Aka yi dariya, aka tafa. Honoré ya sa gwiwar hannu ya tashe ni tsaye. Ban san inda zan sa hannuwana ba, sai na sa su a aljihu.

Lambar gilashi ce, tana da nauyi. Ta ce in riƙe mata, ba ta karɓa ba har yanzu. Ga ta nan kan tebur kusa da gishiri.

Na rubuta ta goma a littafi. A ƙasa na ƙara: ina wurin.

Alhamis, 15 ga Mayu

Oriane ta kira. Ba ta samu fim ɗin ba, an ba wata mai shekara talatin. Ta zagi mai shirya fim ɗin zagi mai kyau, sannan ta tambayi lafiyar kare. Na ajiye waya na zauna ina jiran nauyin nan ya sauko mini a ƙirji kamar na wancan lokacin. Na jira har gahawa ta huce. Sai na tashi na je ban ruwa.

Da rana na kira Malaussena. Dashe ɗari huɗu kawai, ba kyau a bar ƙasa haka tsirara. Ya tambayi launi. Na ce ja.