Injin Lambu Ba Ya Hutu

Yaya Rabi,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin naki, ya yara, ya zaman Agadas? Mu nan Madarunfa sai godiya.

Wani ɗan kasuwar Maraɗi ya ba ƙungiyoyin samarinmu biyu, ta masallaci da ta majami'a, injin ban ruwa guda, da sharaɗin su yi lambu tare a bakin tabki. Sai gardama ta tashi. Namu suka ce Juma'a ba aiki, samarin majami'a suka ce Lahadi. Da na ƙosa na ce, kowa ya riƙe wa ɗan'uwansa ranarsa mana! Yanzu kullum ruwa na gudu.

Ɗanki Sani ya fasa tafiya Libiya, albasarsa yake tsaro.

A sa mu cikin addu'a. Ki gaida maigida, ke kuma ki samu barci.

Ƙanenki,
Lawali